Yadda zaka sauke teɓa da gudu da koyon faɗa ba tare da ka kashe gwiwarka ba

Duk wanda ya taɓa cewa "daga gobe zan fara gudu" ya san yadda labarin yake ƙarewa. Ranar farko ka tashi bayan asuba da zafinka, ka zuba gudu kamar wanda kare ya biyo, ka dawo gida kana haki harshe a waje, rana ta biyu cinyoyi sunyi tsami ko tsuguno a banɗaki sai ka dafa bango, rana ta uku kace bari in ɗan huta, toh daga wannan hutun har yau ba a dawo ba. Ni kaina nayi wannan zagayen ya fi sau uku. Abin da na gane daga baya shine gudu kai kaɗai akwai gundura, kuma babu mai nemanka in baka fito ba. Sai da na haɗa shi da ajin takwando, wato wasan faɗan nan na shuri da ƙafa, sannan abin ya zauna, saboda can akwai koci da zai tambaya ina ka shiga, ga yara 'yan shekara sha biyar da suke ɗaga ƙafa har saman kanka kai kuwa ko ƙugu baka kai ba, kunya kaɗai ta isa ta dawo da kai gobe.

Bari in jero yadda ake bin abin daga tushe, ga namiji ga mace, musamman wanda ya daɗe bai motsa ba.

Fara da lissafi kafin gumi

Wannan lissafin ne mutane basa son ji amma gara ka ji shi yau. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kusan kalori 7,700, kalori kuwa shine ma'aunin ƙarfin da abinci yake bai wa jiki. Shi kuma gudu, a ƙiyasi, yana ƙona kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyinka a duk kilomita ɗaya. Kenan in kana da kilo 90, kilomita ɗaya zata ci maka wajen kalori 90, in kayi kilomita uku ka ƙona kamar 270. Yanzu raba 7,700 da 90 ka gani, wajen kilomita 85 kenan zaka gudu kafin kilo ɗaya na kitse ya tafi in dai abincinka yana nan yadda yake. Kaga ai da aiki.

Ɗaya ɓangaren kuma, robar lemo ta 50cl tana da suga wajen giram 50, kusan kalori 200, kamar ka jefa ƙwayar suga goma sha biyu a kofi ɗaya ka shanye. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne. Toh mutum ya gudu kilomita uku da safe, ya biya wajen mai shayi ya sha haɗin kauri da biredi mai bota, da rana ya kora garau-garau da lemo mai sanyi yana cewa ai yau nayi tirenin, wallahi ya maida abin da ya ƙona har da riba. Shi yasa zaka ga wani shekara guda yana zuwa filin wasa amma tumbin yana nan kamar an dasa.

Abin da ake nema shine giɓin kalori kamar 500 a rana, wato abin da jiki ya ƙona ya fi abin da ka ci da 500, wani daga motsa jiki, mafi yawa daga kwano. A sati ya zama 3,500, kusan rabin kilo kenan. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati shine saukar da likitoci suke ɗauka mai lafiya. Duk mai ce maka zai sauke maka kilo goma a sati biyu, ruwan jikinka zai zubar da kuɗin aljihunka.

Mataki na farko: awo da asibiti

Kafin ka sayi ko safa, je a auna maka jini. Hawan jini baya sallama, mutum zai iya yawo da shi shekaru bai sani ba, kuma ba a so ka gano shi a tsakiyar tsallen igiya. In ka haura shekara 40, ko kana da ciwon suga, asma, ciwon zuciya, ko kai mai sikila ne, ko ke baki daɗe da haihuwa ba musamman in tiyata aka yi, sai likita ya ce bismillah tukuna. Mai sikila ya kula sosai da maganar ƙishirwa da wahalar da jiki fiye da kima don suna iya tayar da ciwon. Mai shan maganin suga ko allurar insulin kuma ya riƙa fita da dabino a aljihu don suga na iya faɗuwa ana cikin motsa jiki.

Bayan nan sai awo kala biyu. Hau sikeli da safe bayan ka shiga banɗaki kafin ka ci komai, ka rubuta. Sannan ka ari tef ɗin tela ka auna cikinka, dai-dai tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, wato saman cibiya kaɗan, kuma dan Allah banda shanye ciki, ba hoton biki ake ɗauka ba. Ƙa'ida mai sauƙi itace zagayen cikin kada ya kai rabin tsawonka, in tsawonka santimita 170 ne ana so ciki ya zama ƙasa da 85. Ni na fi yarda da tef ɗin nan a kan sikeli, zan faɗi dalili a gaba.

Sai takalmi. Nan ne kaɗai nake cewa kada a yi rowa. Ba sai sabo ba, gwanjo mai kyau ya wadatar, amma ka lanƙwasa shi ka duba ƙasan bai cinye gefe ɗaya ba, yana da laushi a dunduniya, kuma ka bar sarari kamar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da bakin takalmin saboda ƙafa tana ɗan kumbura in ana gudu. Ka je saye da yamma. Silifas da takalmin ƙwallo mai ƙusa ba na gudu a kan kwalta bane.

Mataki na biyu: sati uku ko huɗu na tafiya zalla

Na san wannan zai ɓata wa wasu rai. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin 'yan makonni zaka ji hakin ya ragu, amma jijiyoyi da gaɓoɓi da ƙashi sun fi su nawa sosai, kuma a gudu duk takun da kayi nauyin da yake sauka a ƙafa ya ninka nauyin jikinka sau biyu ko fiye. Mai kilo 100 da ya shekara biyar daga mota sai ofis sai kujera, in ya fara da gudu gwiwa ce zata fara kai ƙara.

Don haka tafiya da sauri, minti 30, kwana biyar a sati. Ba tafiyar zuwa majalisa ba, irin tafiyar wanda aka tada iƙama yana nesa da masallaci. Kwana biyar sau minti 30 ya baka minti 150, wanda shine mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu a sati, a jagorarta ta 2020 ta ce minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, da kuma kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Wannan kwana biyun shine ajin faɗa zai cike maka nan gaba. In nauyinka yayi yawa sosai ka tsaya a tafiyar har wata biyu, babu gasa.

Mataki na uku: sassarfa da tafiya a cakuɗe

Yanzu za a fara ɗaga ƙafa, kwana uku a sati, da ranar hutu a tsakani. Kullum ka buɗe da tafiyar minti biyar ka rufe da ita. A tsakiya, satin farko kayi sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu, ka maimaita sau takwas. In ya zauna maka, sati na gaba ko na bayansa ka koma minti biyu sassarfa minti biyu tafiya sau shida. Daga nan uku da biyu, sai biyar da biyu sau huɗu, sai takwas da biyu sau uku, sai goma da ɗaya, har ranar da zaka yi minti 20 baka tsaya ba, daga 20 zuwa 30 kuma ba wuya. Mafi yawan mutane suna kaiwa nan cikin wata biyu zuwa uku. In sati ya maka nauyi ka maimaita shi, ba jarabawa bace da za a ce ka faɗi.

Babban sirrin shine a hankali. Ma'aunin da nake amfani da shi: in bazaka iya yiwa na kusa da kai magana jimla guda ba tare da numfashi ya yanke ba, kayi sauri da yawa, rage. Zaka ji kamar tsohuwa mai tallan goro zata iya wuce ka, bar ta ta wuce. Taku gajeru, ƙafa ta sauka ƙarƙashin jikinka ba can gaba ba, kafaɗa a sake, kai a miƙe.

Wurin gudu kuma, ƙasa ko ciyawa ta fi kwalta sauƙi ga ƙafa. Zagayen filin ƙwallo cikakke sau uku ya kusa kilomita ɗaya. In kana kusa da sitadiyam mai layin tsere, zagaye ɗaya a layin ciki mita 400 ne, sha biyu da rabi ya baka kilomita biyar. Mutanen Kano ga filin Sani Abacha a Ƙofar Mata, na Kaduna ga Murtala Square da filin Ahmadu Bello, na Yamai ga filin Seyni Kountché, sauran garuruwa ma ba a rasa filin makaranta ko filin idi. In dole sai bakin titi, ka fuskanci motocin da ke tahowa, ka sa riga mai haske, kuma ka cire abin kunne ko ɗaya ne saboda 'yan adaidaita da masu babur basa jiran kowa.

Mataki na huɗu: zaɓen faɗan da zaka koya

Da ka kai matsayin minti goma na sassarfa ba tsayawa, lokacin shiga aji yayi. Wanne za a zaɓa? Amsata kullum itace wanda yafi kusa da gidanka kuma kake iya biya, don ajin da sai ka hau mota biyu kafin ka je, sati uku zaka yi ka bari. Amma akwai bambanci a tsakaninsu da ya kamata ka sani.

Damben zamani, wato boksin, shine nake fara nuna wa mai nauyi sosai. Ƙafa biyu suna ƙasa, babu tsalle mai yawa in ka cire igiya, kuma dukan buhu minti uku kaɗai zai nuna maka cewa minti uku ba ƙaramin lokaci bane. Takwando da kareti suna da shuri da juyi da tsalle, suna buɗe ƙugu suna ƙarfafa cinya, ga tsarin bel, wato ɗamarar da launinta yake nuna matakin da ka kai, da yake sa mutum ya riƙa hango abin da zai cimma gaba, amma mai ciwon gwiwa ya gaya wa koci tun ranar farko. Takwando ba baƙo bane a wajenmu, Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a gasar Olamfik ta Beijing a 2008, Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar kuma ya ci azurfa a Rio a 2016 sannan ya zama zakaran duniya a 2017, dukansu a ajin masu nauyi fiye da kilo 80, kaga ba wasan sirara kaɗai bane. Judo da kokawa su kuma jiki duka suke ci, riƙo da ja da ɗagawa, gajiyarsu daban ce, sai dai akwai faɗuwa, dole a fara koya maka yadda ake faɗi a kan katifa kafin komai.

Sai namu na gargajiya. Wani zai ce ai muna da dambe, me zai kai ni wajen masu farin kaya. Gaskiya ne kuma ka kalli jikin 'yan damben Kudu da Arewa da Guramada ko 'yan kokawar da suke neman takobi a Nijar, babu mai teɓa a banza. Amma shi gidan dambe wurin kisa ne, hannu ɗaya a naɗe da zare ana neman a kai mutum ƙasa cikin turmi uku, babu hular kariya babu robar haƙori. Ɗan kasuwa mai shekara 38 da yake son wandonsa ya shige shi ba shi da abin nema a cikin wannan da'irar. Atisayensu zaka iya ara, gudun safe da dukan buhu da tsayuwar nan ta ƙasa-ƙasa mai ƙona cinya, amma karawar ka bar wa masu ita.

Ga mata, na san tambayar farko itace sutura da wurin da babu cakuɗa. A takwando ana shiga gasa da hijabi, Hedaya Malak ta Masar da kallabinta ta ci tagulla a Rio ta sake ci a Tokyo. Ki nemi ajin mata ko koci mace, in babu ku haɗu ku huɗu ko biyar ku ɗauko mai koyarwa ta riƙa zuwa tsakar gidan ɗayanku, igiya da naushin iska basa buƙatar fili.

Inda ake samun aji, ka fara da sitadiyam na jiharku, yawanci hukumar wasanni tana da masu koyar da boksin da judo da kareti da takwando, kuma ya fi jim, wato gidan motsa jiki na kuɗi, araha nesa. Kafin ka biya ka zauna ka kalli aji ɗaya daga farko har ƙarshe. Ka lura ko ana ɗumama jiki kafin a fara, ko ana ware sababbi daban, ko akwai safar hannu da hular kai da robar haƙori lokacin gwajin faɗa, ko ana barin mutane su sha ruwa. Na taɓa zuwa wani wuri da mai koyarwa yake ganin hana shan ruwa shine horo, kuma ranar farko ya haɗa sabon zuwa da wanda ya shekara uku wai don a gwada zuciyarsa, ban koma ba. Ka gaya wa koci ƙarara cewa rage ƙiba ya kawo ka, kuma baka son gwajin faɗa sai bayan wata uku ko ma fiye. Mai hankali zai gane.

Mataki na biyar: aikin gida

Aji sau biyu a sati ya isa a farko. In kana son ƙari ko ranar da baka samu zuwa ba, ga abin da zaka yi a tsakar gida cikin minti 25, kuma da tsarin turmi ake yi kamar yadda 'yan boksin suke yi, aiki sannan hutun minti ɗaya. Su minti uku suke yi, kai fara da biyu. Turmi biyu na tsallen igiya, in igiyar tana harɗe ka kayi tsallen babu ita, kuma tsalle ƙanana a kan yatsu ba sama sosai ba. Turmi uku na naushin iska, hannu yana komawa gemu bayan kowane naushi, kana matsawa gaba da baya da gefe, kana fitar da numfashi duk sanda ka kai hannu. Sai turmi biyu na ƙarfi, tsuguna-tashi goma, firesof biyar ko da gwiwa a ƙasa ne, ka dafa ƙasa da gwiwar hannu jiki a miƙe kamar katako na daƙiƙa 20, ka sake zagayowa har lokaci ya cika.

In zaka haɗa buhun duka a gida kada ka cika shi da yashi zalla, yashi yana danƙarewa ya zama kamar bango ya lalata maka wuyan hannu. Tsummokara daga wajen tela ake cusawa, in ana son nauyi a sa ɗan yashi a leda a tsakiya. Kuma kada ka doki buhu hannu tsirara, a naɗe da bandeji a sa safar hannu.

Wani abu da ya kamata in faɗa, atisayen ciki baya cire kitsen ciki. Ko kayi ɗari biyu kullum, tsokar ce zata yi ƙarfi a ƙarƙashin teɓar, shi kitse jiki ne yake zaɓar inda zai fara cirewa, kuma a wajen maza da yawa cikin ne yake zuwa ƙarshe, wuya da fuska su fara faɗawa har a fara tambayarka ko lafiya.

Yadda sati zai kasance

Misali Litinin da Alhamis aji, Talata sassarfa mai sauƙi minti 25 zuwa 30, Laraba tafiya kawai, Asabar gudu mafi tsawo na satin a hankali, kana ƙara masa kamar minti biyar duk bayan sati ɗaya ko biyu, Juma'a hutu cikakke, Lahadi in jiki ya yarda sassarfa gajera in bai yarda ba hutu. Abin lura shine kada rana mai wuya ta bi rana mai wuya. Ajin faɗa da kansa gudu ne mai tsanani a ɓoye, bugun zuciya yana hawa yana sauka, don haka gudunka na waje ba sai ya zama tsere ba, shi aikinsa gina numfashi. In rana ɗaya ta haɗa maka duka biyun, fara da aji sannan gudu, don ƙafar da ta gaji ita ke kawo targaɗe wajen shuri. Duk sati na huɗu ka rage komai da kamar kashi ɗaya cikin uku, jiki ya samu ya gyara kansa. Sannan barci, awa bakwai ake so, wanda yake kwana a waya har ƙarfe ɗaya ya tashi asuba zai wuni yana jin yunwar kayan zaƙi.

Mataki na shida: kwano

Ba sai ka koma cin abincin Turawa ba. Abu na farko ka cire abin sha mai suga, lemon kwalba, na malt, zoɓo da kunun aya da aka danƙara wa suga, shayi mai cokali huɗu. Wannan kaɗai a wajen wasu ya kai giɓin 500 ɗin nan. Na biyu mai, a riƙa aunawa da cokali maimakon a tuttula, ƙosai da fanke da soyayyen dankali da awara soyayya su zama na marmari. Na uku girman malmala. Mai cin malmala uku ya koma biyu, bayan sati biyu ya koma ɗaya da rabi, a ƙara yawan miyar ganye, kuka, kuɓewa, alayyahu, ga kwaɗon zogale da rama da kabeji da suke cika ciki ba tare da nauyi ba, amma a kula da ƙuli da man da ake zubawa.

Na huɗu kuma wanda aka fi mantawa, abinci mai gina jiki a kowane ci. Ƙwai, wake, alala, kifi, kaza, nama marar kitse, nono ko kindirmo ba suga. Ƙwai ɗaya yana da furotin kamar giram shida. Shi ke riƙe ciki ya daɗe, shi ke hana tsoka zubewa tare da kitsen. Tsire da balangu ba laifi in ka ce a cire maka kitsen, matsalar biredin da lemon da suke rakiya ne. Cin gida ɗaya a faranti ɗaya yana sa mutum bai san nawa ya ci ba, in zai yiwu a zuba maka naka daban, kuma ka roƙi uwargida ko Hajiya ta taimaka, don in mai girki bata cikin shirin an gama da kai.

Kada kuma ka zauna da yunwa ka je aji, jiri zai ɗebe ka. Ayaba ɗaya ko dabino uku awa ɗaya kafin lokaci sun isa. Shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Instagram da WhatsApp yawancinsu gudawa da fitsari suke sawa, sikeli ya sauka kwana biyu ya dawo. Haka masu sa leda ko rigar ruwa a ciki suna gudu don su yi gumi, ruwa ne yake fita ba kitse ba, kuma a zafinmu hanya ce ta suma. In kana so ka gani da idonka, hau sikeli kafin gudu da bayansa, duk kilo ɗaya da ya ɓace kusan lita ɗaya ce ta ruwa da ya kamata ka mayar.

Zafi, hunturu da azumi

Daga Maris zuwa Mayu rana tana haura digiri 40 a garuruwanmu da yawa, don haka ko bayan asuba ko dab da magariba, babu gudun azahar. In kaji jiri, ciwon kai, tashin zuciya ko ka fara ruɗewa, tsaya nan take ka nemi inuwa, a zuba maka ruwa a jiki, in bai lafa ba asibiti. Lokacin hunturu kuma ƙura ce matsalar, ranar da hazo yayi kauri ka koma igiya da naushin iska a ɗaki, mai asma ya riƙe abin shaƙarsa kusa, kuma a tsawaita ɗumama jiki don tsoka mai sanyi tana saurin ballewa.

Da azumi ba a fara sabon shiri kuma ba a ƙara nauyi, riƙe abin da ake da shi kawai ake yi. Tafiya ko sassarfa mai sauƙi minti 20 zuwa 30 dab da shan ruwa, mai wuyar kuma a bari sai bayan tarawi. Inda ake faɗuwa shine faranti, kunu da ƙosai da soye-soye da lemo a zama ɗaya, har mutum ya fito daga Ramadan ya fi yadda ya shiga.

In sikeli ya tsaya, ko wani wuri ya fara ciwo

Satin farko da ka gyara ci zaka iya ganin kilo biyu sun tafi, kada ka yi murna da yawa, jiki yana ajiye sitaci a tsoka da hanta tare da ruwa kusan ninki uku, shi ne ya fara zuba. Haka kuma satin da ka fara aji sikeli zai iya hawa, saboda tsokar da tayi tsami tana riƙe ruwa, mata kuma lokacin al'ada yana ƙara nasa. Wannan ne dalilin da yasa nace tef ya fi gaskiya. Auna nauyi sau biyu ko uku a sati ka duba matsakaicinsu, ciki kuma duk sati biyu. In sati uku zuwa huɗu suka wuce babu wanda ya motsa cikin biyun, toh lokacin gyara yayi, kuma dalilin ba boyayye bane, jikin da ya sauka daga 95 zuwa 87 ya rage ƙona kalori a kowace kilomita da ma a zaune, ga kuma malmalar da take komawa girmanta a hankali ba ka lura ba. Rubuta duk abin da ka ci na kwana uku har da gyaɗar da aka miƙo maka a majalisa, zaka ga ɓarawon. Sai ka cire abu ɗaya, ko ka ƙara tafiyar minti 20 bayan cin dare.

Maganar ciwo kuma a bambance. Tsamin jiki da yake zuwa washegari ya fi tsanani a rana ta biyu, yana kama ɓangare biyu dai-dai, kuma yana sakin ka in ka fara motsi, wannan ba komai. Amma ciwon da yake wuri ɗaya da zaka iya nuna shi da yatsa, a ƙwauri ko gwiwa ko dunduniya, wanda yake ƙaruwa in kana gudu ko yake sa ka ɗingishi, wannan a tsaya. Huta kwana uku zuwa biyar, sa ƙanƙara a tsumma minti 15, ka koma matakin da kake sati biyu baya. In ya kumbura, ko ya wuce sati biyu, ko baka iya taka ƙafar, a je a ga likitan ƙashi kafin a kai wa mai ɗori. Wanda aka buga a kai wajen gwajin faɗa har ya ga duhu ko yayi amai ko ya manta abin da ya faru, ya bar aji ranar ya je asibiti, kuma ba zai koma karawa ba sai likita ya sallame shi. Ciwon ƙirji ko numfashi ya ƙi dawowa bayan ka tsaya, wannan ko minti ɗaya ba a jira.